Wanda Ya Dasa Lambun Maccido

A kan hanyar da ta bar garin Goronyo ta nufi madatsar ruwa, kafin a kai gidajen ma'aikata, akwai wani lambu da mutane ke kira Lambun Maccido. Ba a noma albasa a cikinsa, ba a noma tumatir. Wurin shan iska ne, mai itatuwa da kujerun siminti da lilon yara, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Baƙo idan ya ji sunan sai ya ɗauka Maccido ne ya dasa shi. Maccido kuwa, Allah ya ji ƙansa, ko tsinke bai kafa a cikin lambun nan ba. Wanda ya dasa shi wani mutumin ƙasar Zuru ne, Simeon Manga, wanda mutanen gari suka sauƙaƙa wa harshensu suke ce masa Siman.

An haifi Simeon a wani ƙauye a gindin duwatsu, a gidan manoman dawa. Ya yi makarantar mishan, kuma ba a taɓa yabonsa da lissafi ba. Amma tun yana aji uku aka bar masa lambun makaranta, domin abin da ya dasa ba ya mutuwa. A can ya koyi haɗa ƙasa da yashi da taki, da renon iri a gwangwanin madara, da sanin ranar da ɗan itace ya isa a fitar da shi rana. Da ya gama sai ya samu aikin gandun daji. Ya yi renon itatuwa a Wurno, ya dasa shingen iska a Rabah, sa'an nan da aka gama ginin madatsa aka kawo shi Goronyo ya yi wa gidajen ma'aikata inuwa. Matarsa Justina ungozoma ce a asibitin gari.

Abu ɗaya ubansa ya riƙa yi masa gori a kai har ya bar duniya. A ƙasarsu saurayi ba da baki yake neman aure ba. Garma yake ɗauka ya je ya yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, har sai tsohon ya gamsu da shi. Golmo suke kiran wannan. Simeon bai yi golmo ba. A coci ya ga Justina, dattawa suka shiga tsakani, aka ɗaura aure. Uban nasa yakan kama tafin hannunsa ya juya shi ya ce, “Dubi hannun da aka ba mata.” Da ya rasu, garmarsa ce rabon Simeon. Ya rataye ta a bangon ɗaki, duk garin da aka kai shi tana biye da shi, ba ta taɓa ƙasa.

A shekarun da ruwan madatsa ya fara sauka cikin kanal, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, garin ya yi wani irin motsi da waɗanda suka gani ba sa mantawa. Rani ya daina zama lokacin zaman banza. Fadama ta yi kore a watan da a dā ko akuya ba ta samun abin tsinka, kifi ya yi arha, baƙi suka cika kasuwa. A cikin wannan zumuɗi ne ƙaramar hukuma ta ce ita ma tana son wurin shaƙatawa irin na manyan birane. Akwai wani fili tsakanin gari da gidajen ma'aikata, yana cikin ƙasar da aka karɓa lokacin aiki aka biya diyya, daga baya ba a gina komai a kai ba. Babu abin da ke ciki sai tumfafiya da tsamiya guda. Aka damƙa wa Simeon.

Bai taɓa samun aikin da ya shiga ransa kamar wannan ba. Ya ja ɗan rafi daga kanal ya ratsa filin da shi. Ya jera dogonyaro a gefen yamma don su tare ranar la'asar, ya sa mangwaro da gwaiba a inda ruwa ke kwanciya, ya kewaye wurin da shingen zogale da lalle. Ragowar bututun da aka bari a wurin aikin madatsa ya kai wa maƙeri aka yi lilo. Ya zuba kujerun siminti da hannunsa, ya shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ya kafa randa a inuwa da moɗa a kanta. Tsamiyar kuwa bai taɓa ta ba, sai dai ya share gindinta kullum, don a wurinsa itacen da ya riga ka zuwa wuri yayanka ne.

Itatuwa suka kama, suka yi inuwa. Mutane ba su zo ba.

'Ya'yan ma'aikata sukan zo su hau lilo, wani malamin makaranta yakan zo da jarida ranar Lahadi. Amma mutanen gari, waɗanda dominsu aka yi wurin, sai su tsaya a bakin shinge su leƙa, su ce, “Sannu da aiki, Malam Siman, wuri ya yi kyau,” su wuce. Yaran gari sukan maƙale a jikin zogale suna kallon lilo yana kaiwa yana komowa, in ya yafito su sai su watse. Ya yi zaton ƙofa ce ke ba su tsoro, ya cire ta. Ya rubuta allo da manyan baƙaƙe cewa shiga kyauta ce. Ya sa mai shela ya zaga gari ranar kasuwa yana cewa wurin na kowa da kowa ne. Kowa ya ce madalla. Ba wanda ya shigo.

Bayan ɗaukewar ruwan wata shekara, Zayyanu, jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma, ya zo ya same shi yana ban ruwa. Zayyanu ba mugun mutum ba ne. Ya zaga lambun hannuwansa a baya, ya sha ruwan randa, sa'an nan ya yi magana.

“Malam Siman, aiki ya yi kyau, ba wanda ka musu. Amma ina mutane?”

“Za su zo, ranka shi daɗe.”

“Bara ma haka kac ce. Dillalan albasa sun hana mu sakat. Motocinsu na toshe hanyar asibiti in suna lodi, tambayi matarka. Suna son fili, kuma ga fili nan ba kowa ciki. In anka cire albasar bana wurin ga na nan shiru, ba ni da bakin hana su.”

“Itatuwan fa?”

“Babbar mota ba ta juyawa tsakanin itace. Katafila za ta shigo.”

Simeon ya dubi mangwaron da ya rena tun suna cikin gwangwani, waɗanda a shekarar ne suka fara fure. Ya ci gaba da ban ruwa.

Yana da aboki guda a gari, Lawwali, mai sayar da irin albasa. Lawwali Bazamfare ne, Simeon kuwa Badakkare, kuma tsakanin Zamfarawa da mutanen Zuru akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Kullum da yamma Lawwali yakan zo hira, amma a kan wani dutse yake zama a wajen shinge, cikin rana, ga kujeru da inuwa taku kaɗan daga gare shi. A dā Simeon ya ɗauka tsiya ce irin ta abokin wasa. Ran nan ya tsare shi.

“Lawwali, mi ya hana ka shigowa?”

“Ubangida ba shi shiga ɗakin bawanai.”

“Bar wasa. Za a sare itatuwan nan.”

Lawwali ya cire hula ya sosa kai. “To, in na shigo, wa zan yi ma sallama?”

“Ba sai ka yi sallama ba. Wurin kowa ne.”

“Kai Badakkare, kanka awa dutsin garinku. Wurin kowa biyu na duniya, kasuwa da maƙabarta. Sauran duk da mai shi. Wagga gonar Maccido ta. Tun kakanai suka noma ta. Tsamiyar can ƙarƙashinta ubanai ka hutawa.”

“Ai an biya shi.”

“An biya shi, ya amsa, bai kai ƙara ba. Amma kullum marece ta nan shika wucewa bisa jakinai. So kake shi ɗaga kai shi gan ni na miƙe ƙafa ina shan iska inda ubanai ya duƙa? Ko shi ga ɗiyana suna lilo? Kara muka yi mai.”

“Shi ya hana ku?”

“Da ya hana mu da tuni mun shiga, don mu nuna mai ba shi da iko. Bai ce komi ba. Shi ya sa ba mu iyawa.”

Simeon ya san tsohon da ido. Wani dogon dattijo ne mai farin gemu da ke wucewa a kan jaki gab da magariba, kullum fuskarsa a juye ɗaya gefen hanya. Shekara da shekaru yana ganinsa, yana zaton rana yake kauce wa.

Washegari ya sa kakinsa na aiki ya tafi gidan Maccido. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya kawo maganar lambu, da ta motocin albasa, da ta katafila. Tsohon ya saurare shi har ya gama.

“Wurin hukuma na, ɗana,” in ji Maccido. “Ni mi nawa ciki? Kun yi shela, na jiya. Kunka ce kowa da kowa. To ni ma cikin kowa nike. In na samu sarari ina zuwa.” Daga nan ya koma maganar tsadar taki.

Simeon ya fito ya san an rufe masa ƙofa, an kuma rufe ta a hankali yadda ba zai ce an rufe ba.

Da yamma suna cin tuwo ya ba Justina labari. Ta gama jin sa, ta ƙara masa miya.

“Da baki ka je,” ta ce.

“To da me zan je?”

“Oho. Ni dai ko sara ɗaya ba a yi wa babana ba aka kawo ni gidan nan. Ka saba samun abu a sauƙaƙe.”

Wasa take yi, irin wanda ta saba. Amma ta ga ya daina tauna, ya ɗaga kai yana duban bango inda garmar ke rataye.

“Simeon, ka wuce arba'in. Bayanka zai karye.”

“Babana ya yi wa kakanki na wajen uwa tanyon noma yana da furfura.”

“Ƙarya kake, ba su ma san juna ba.”

“To da sun sani da ya yi.”

Abin da ya rage wa Maccido ɗan fili ne a bakin kanal, inda yake albasa da rani. 'Ya'yansa maza sun tafi kudu neman kuɗi, aikin ya fi ƙarfinsa, kowace shekara rabin filin kawai yake iya gyarawa. Wata safiya ya iso a kan jakinsa ya tarar da mutum tsirara daga ƙugu zuwa sama yana kaftar ƙasa da wata irin garma mai faɗin baki da ba a saba gani ba a ƙasar nan.

“Wa ya sa ka?”

Simeon ya durƙusa ya gaishe shi. “Ba kowa, Baba.”

“Ni ba ni da abin biyan ma'aikacin gwamnati.”

“Ban zo ƙwadago ba.”

“To mi kaz zo yi?”

“Noma.”

Ya koma ya duƙa. Da hantsi ya yi ya wanke jiki a kanal, ya sa kaki, ya tafi aikinsa na lambu. Washegari ya dawo. Maccido ya yi kamar bai gan shi ba, ya juya masa baya yana nasa aikin. Amma Simeon yana ta tayar da kunyoyi dogaye masu tudu irin na dawar ƙasar Zuru, alhali albasar rani a fangali ake dasa ta, wato ɗan fili mai kwari da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa. Tsohon ya daure, ya daure, har abin ya gagare shi.

“Wai wanga fangali na ko kabari?”

“Haka muke yi a garinmu, Baba.”

“Garinku albasa hawan dutse takan yi? Kawo nan.”

Ya karɓi garmar, ya jinjina nauyinta, ya yaba maƙerin da ya yi ta, sa'an nan ya nuna masa yadda ake baje ƙasa a ɗaga mata baki. Justina ta rantse har tsufanta cewa da gangan mijinta ya yi kunyoyin nan, don mutumin da ya yi shekaru a fadamar Wurno ba zai kasa sanin fangali ba. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce mantuwa ce. Ko ma dai mene ne, daga ranar suka fara magana.

Lawwali ne ya bazu da labari a gari. Ya bi majalisa majalisa yana bayyana wa mutane golmo, yana ƙara gishiri, yana cewa bawansa ya ga yarinya a gidan Maccido. Ba a jima ba Kulu, matar Maccido, tsohuwa mai raha, ta zo gona da kanta da ƙwaryar fura a kai. Ta sauke a gaban Simeon ta tsaya tana ƙare masa kallo.

“An ce ɗiya kaka so. Ɗiyanmu mata duk suna ɗakunansu. Ni ɗai na rage gidan, sai ka yi shawara da mai ni.”

“Ɗauke ta,” in ji Maccido daga cikin fangali. “In ƙara maka da jaki.”

“Jakin ya fi ka saurin tashi da sahe,” ta ce.

Simeon ya sha fura yana dariya. Tafin hannunsa ya yi ƙuraje, suka fashe, suka warke, suka zama kanta. Da dare Justina takan gasa masa baya da ruwan zafi tana yi masa tsiya. Aka dasa albasa a filin gaba ɗaya, abin da aka daɗe ba a yi ba. Suka yi ban ruwa tare, suka cire ciyawa tare. Maccido ya ba shi labarin ambaliyar zamanin ƙuruciyarsa, da yadda gulbi yake kafin a tare shi. Simeon ya ba shi labarin duwatsun garinsu. Maganar lambu kuwa ko sau ɗaya bai sake tayar da ita ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara. Zayyanu ya zo da masu awon ƙasa suka kafa turaku a cikin lambun, suka shafa jan fenti a jikin itatuwan da za su fara faɗuwa. Justina ta gani a hanyarta ta dawowa daga asibiti, ta iso gida ranta a ɓace.

“Ka yi masa magana mana. Kullum kuna tare.”

“Mai golmo ba ya tambaya. Uban yarinya ne ke kira.”

“In bai kira ba fa?”

“Zai kira. Na ga yadda yake duban fangalin.”

Ya ɗauki bokiti ya tafi ya ba itatuwan masu jan fenti ruwa kamar kullum.

Ganyen albasa ya kwanta, alamar ta nuna. Aka cire ta, aka tara a bakin gona tsibi tsibi, manya, jajaye, masu ƙyalli. Manyan motoci sun riga sun fara isowa gari. A ranar da aka gama cira, Maccido ya zauna a inuwar bukkar gona ya kira shi.

“Siman, zo zamna. Lawwali ya ce ku in kunka ɗauki garma ba ku aje ta sai an ba ku abin da kunka zo nema. Ni kau na gaji da ganin gadon bayanka. Mi zan ba ka?”

Simeon ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan da tabarmar.

“Baba, na dasa itace a gonar mahaifinka ban zo na gaishe ka ba. Na sa aka kira ka da shela tare da kowa. Na ɗauka wurin da ba shi da mai shi, shi ne kowa zai shiga. Ashe ba mai shigarsa. Ba wani abu nake so ka ba ni ba. So nake ka zo ka zauna a wurinka, a samu mai amsa sallama.”

Tsohon ya daɗe yana murza ɓawon albasa a tsakanin yatsunsa.

“Tsamiyar, kogon nan nata na gabas shina nan?”

“Yana nan. Kullum ina share shi.”

“Nan innata ka aje ƙwaryar hura kar rana ta taɓa ta.” Ya yar da ɓawon, ya kakkaɓe hannu. “Allah shi kai mu Jumma'a.”

Ranar Juma'a bayan la'asar Simeon yana cikin lambu, ya share ko'ina, ya cika randa. Lawwali ya riga ya tsegunta wa gari, don haka bakin shinge ya cika da mutanen da kowannensu ya yi kamar wucewa yake yi. Can sai ga jaki. Maccido na bisa cikin farar rigar masallaci, da tabarma naɗe a gabansa. Wannan karon bai juya fuska ba. Ya sauka a bakin ƙofar da ba ta da ƙyaure, ya riƙe tabarmarsa, ya tsaya. Ya dubi Simeon da ke tsaye a ciki, ya buɗe baki zai yi sallama.

Simeon bai bari ya furta ba. Ya ajiye tsintsiya, ya fito da sauri ta gefensa, ya karɓi igiyar jakin, ya tsaya a waje tare da sauran mutane. Lambun ya zama ba kowa a ciki. Tsohon ya dube shi, ya gane. Ya taka a hankali ya shiga, ya bi ta tsakanin mangwaro masu jan fenti, ya wuce kujerun siminti bai ko kalle su ba. Ya isa gindin tsamiya, ya dafa ta, ya leƙa kogon. Sa'an nan ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana fuskantar ƙofa.

Simeon ya ɗaure jakin a jikin zogale, ya zo bakin ƙofa, ya cire takalmi.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam,” in ji Maccido, da muryar da ta kai har hanya. “Shigo, Siman. Maraba.”

Lawwali ne na biyu. Ya yi sallama, aka amsa, ya shigo yana cewa dama bai kamata bawa ya riga ubangidansa ba. Bayansa sai dattawa biyu, sai wasu, sai wasu. Maccido ya hango yaran da ke maƙale a shinge, ya daka musu tsawa ta wasa, ya ce mi suka tsaya kallo, abin can na ƙarfe don wa aka yi shi. Kafin magariba sai da aka sake cika randa.

Zayyanu ya zo a cikin makon, da direban katafila a bayansa don ya nuna masa ta inda zai fara. Ya iske ƙofa da takalma jere. Ya tsaya, ya yi sallama, aka amsa masa daga gindin tsamiya. Ya cire nasa takalmin ya je ya durƙusa, domin Maccido sa'an ubansa ne, kuma tare da uban suka yi karatun allo. Tsohon ya tambaye shi gida, ya tambaye shi aiki, ya sa aka ɗebo masa ruwa, sa'an nan ya ce, “Wa ya ɓata mini itace da jan fenti?” Zayyanu ya ce kuskure ne na yara, za a goge. A hanyar fita ya tsaya kusa da Simeon, ya yi ƙasa da murya.

“Na ce ka kawo mutane. Ban ce ka kawo wanda ba ni iya yi ma musu ba.”

An samar wa motocin albasa wani fili a bayan kasuwa, inda suke lodi har yanzu.

Ba a ce Simeon bai biya komai ba. Maccido da ya zauna, zama ya yi na mai gida. Ya ce a matsar da lilo can nesa don hayaniya, aka matsar. Ya ce a ware gefen gwaiba don mata, aka ja zana, Kulu ta zama mai amsa sallamar can. Ya ce furannin da Simeon ya fi ji da su ba su da amfani, a sa yakuwa. A kan wannan sun yi gardama har damina ta faɗi, aka raba wurin biyu. Dattawa ba su taɓa hawa kujerun siminti ba, kuma samari ba sa zama a kansu in dattawa na ƙasa, sai suka zama wurin shanya barkono da ajiye buta. Allon da Simeon ya rubuta da sunan hukuma ya koɗe, ba wanda ya sabunta shi. Kowa Lambun Maccido yake cewa. Wani sabon malamin asibiti ya taɓa tambayar Simeon ko shi ne yaron da Maccido ya ɗauka ban ruwa. Ya ce e, shi ne. Justina ta ji haushi, shi kuwa ya ce mai golmo ba ya canja wa gidan surukai suna.

Haka aka yi shekaru. Mangwaro suka yi 'ya'ya har aka gaji da korar yara. A gindin tsamiyar nan aka sasanta rigimar ruwa tsakanin masu fangali, aka yi cinikin shanu, aka saurari wasan ƙwallo a rediyo. Simeon ya yi ritaya bai koma Zuru ba, bai kuma daina ban ruwa ba. Kowace safiya, ko da ya riga kowa zuwa, in tsohon ya iso sai ya fita ya sake shigowa da sallama.

Maccido ya rasu a wata bazara, bayan gajeriyar jinya. Aka yi zaman makoki a ƙofar gidansa, lambun ya koma shiru kamar farko. Bayan an share makoki, wata la'asar Simeon yana durƙushe yana gyara bakin rafi sai ya ji motsi a ƙofa. Ya ɗaga kai ya ga Lawwali, shi ma ya yi furfura, da dattawa a bayansa, kowa da takalmi a hannu. Lawwali na rungume da tabarmar Maccido, Kulu ce ta aiko da ita.

“Salamu alaikum,” in ji Lawwali.

Simeon ya waiga wajen tsamiya don sabo. Ba kowa. Ya juyo ya ga duk shi suke kallo.

“Kai Badakkare, rana na dukanmu. Ko sai mun ɗauko garma?”

Simeon ya wanke hannu a rafi, ya goge a jikin wando, ya miƙe tsaye.

“Wa alaikumus salam,” ya ce. “Ku shigo. Ku bi ta nan, can na zuba ruwa.”